Zanga-zangar Lumana: Shawarwari 12 ga Magidantan Suleja

Garin da ke bakin babbar hanya ba ya jin labarin zanga-zanga daga nesa, a ƙofar gidansa ake yin ta. Hanyar Abuja zuwa Kaduna ta bi ta gefen Suleja, ta Minna ta ratsa ta nan, kuma dubban mazauna Madalla da Kwamba da Maje da Gauraka sai sun tsallake Zuba kullum da sassafe kafin su samo abin sawa a bakin salati. Shi ya sa da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, litar mai ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, mutanen wannan yanki suka ji abin a jikinsu tun kafin wata ya ƙare. Kuɗin mota ya soma cinye albashi. Zuwa Yunin 2024, alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari.

A Fabrairun 2024 mata da matasa suka tare hanya a shataletalen Kpakungu da ke Minna suna kukan yunwa. Ranar 29 ga Yuli kuma, kwana uku kafin ranar zanga-zangar da aka tsayar wa ƙasa baki ɗaya, matasan Suleja suka riga kowa fitowa kan hanyar Abuja zuwa Kaduna da kwalayensu. Ranar 1 ga Agusta aka rasa rayuka a garin nan. Ƙungiyar Amnesty International ta ce aƙalla mutum 24 aka kashe a jihohi shida, har da Neja, an kuma tsare sama da 1,200. Rundunar 'yan sanda ta musanta rahoton.

Ra'ayina a fili yake: talaka yana da 'yancin ya fito ya ce wannan manufa ta cuce shi, kuma babu wanda ya isa ya kira shi maƙiyin ƙasa don ya faɗa. Amma yadda aka fita a 2024, ba shiri, ba jagora, yara a gaba, bai kamata a maimaita shi ba. Gyaran kuwa daga cikin gida yake farawa.

1. A san abin da ake ƙi, a san mai alhakinsa

Tsadar rayuwa kuka ne, ba buƙata ba ce. Idan ka tsaya gaban hukuma ka ce rayuwa ta yi tsada, za ta ce ta sani, a ƙara haƙuri, shi ke nan an sallame ka. Buƙata ita ce wadda za a iya amsa ta da i ko a'a: a janye wannan haraji, a rage wannan kuɗi, a gyara wannan gada kafin damina.

Kafin haka sai an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Farashin mai, darajar naira, harajin kwastan, 'yan sanda da manyan hanyoyin tarayya, duk a hannun Abuja suke. Babban asibiti, makarantun sakandare, ruwan famfo da titunan jiha na gwamnatin Minna ne. Kasuwa, tashar mota, kwashe shara da asibitin sha-ka-tafi kuwa, ƙaramar hukuma ce ta fi kusa da su. Mutane da yawa suna zagin shugaban ƙasa a kan kwatar da ta toshe a unguwarsu, su bar kansila yana wucewa ta gabansu ba wanda ya tanka masa. Akwai kuma abin da ya kamata kowane gida ya riƙe: tun da aka cire tallafin mai, kason da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓa duk wata daga asusun tarayya ya ƙaru sosai, kuma ana wallafa alƙaluman. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Tambayar nawa ya shigo Suleja a watan jiya, kuma me aka yi da shi, tambaya ce da ta halatta ga kowane mai biyan haraji.

2. A yi zaman gida tun kafin ranar

Maigida ya tara uwargida da manyan 'ya'ya bayan sallar isha'i, a yi maganar a fili. Wanda ke son fita ya faɗi dalilinsa, a saurare shi har ya kai aya. Tsawa da rantsuwar za a tsine wa yaro ba su hana kowa fita ba. Abin da suke haifarwa shi ne saurayi ya sulale ta bayan gida, ba wanda ya san inda ya nufa ko da wa ya tafi. A 2024 malamai ma sun rabu a kan wannan batu, wasu suka hana, wasu suka ce a bari matasa su faɗi damuwarsu. Idan manya sun saɓa, ba abin mamaki ba ne uba da ɗa su saɓa. Abin da ba za a saɓa a kansa ba shi ne gida ya san wa ya fita, ina zai tsaya, ƙarfe nawa zai dawo.

3. A san abin da doka ta ce

Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya bai wa kowa 'yancin faɗin ra'ayinsa, sashe na 40 ya ba da 'yancin taruwa cikin lumana, na 41 kuma 'yancin zirga-zirga. Maganar sai an nemi izinin 'yan sanda kafin a yi gangami, kotu ta daɗe da rushe ta, kuma daga Kano shari'ar ta samo asali. A Satumban 2003 'yan sanda suka watsa taron jam'iyyar ANPP da barkonon tsohuwa bisa hujjar ba a karɓi izini ba. Jam'iyyun adawa suka garzaya Babbar Kotun Tarayya, suka yi nasara a 2005, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da hukuncin a Disamban 2007. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ƙara da cewa idan masu gangami suka sanar da 'yan sanda, wajibi ne a ba su tsaro.

Saboda haka sanarwa ake kaiwa, ba roƙo ba. A rubuta takarda mai ɗauke da rana da lokaci da hanyar da za a bi, a kai ofishin 'yan sanda na yanki, a sa su buga hatimi a kan kwafi ɗaya a riƙe. Sai dai a sani, sashe na 45 ya yarda a taƙaita waɗannan 'yanci saboda tsaro da zaman lafiyar jama'a, kuma kotu na iya killace taro a wuri ɗaya, kamar yadda wata kotu ta tsayar da masu zanga-zangar Abuja a filin wasa na MKO Abiola a 2024. Idan gwamna ya sa dokar hana fita, musun halaccinta a kotu ake yin sa, ba a gaban sojan da ke riƙe da bindiga ba.

4. A tambayi su wa suka kira taron

Kiran da ba a san mai shi ba, a yi hattara da shi. Wace ƙungiya ce? Su wa za su tsaya a gaba da fuskarsu da sunansu? Wa za a miƙa wa takardar koke? Ƙarfe nawa za a watse? Idan babu amsar waɗannan huɗu, ba a shirya ba.

A kwatanta da Janairun 2012. Gwamnatin Goodluck Jonathan ta cire tallafi ranar 1 ga wata, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141. Ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC suka kira yajin aiki daga ranar 9, buƙata ɗaya tak a bakin kowa, akwai kuma shugabannin da gwamnati za ta zauna da su. Ranar 16 aka mayar da lita naira 97. Ba a samu duk abin da aka nema ba, amma an samu abin da kowa ya gani a gidan mai. A Agustan 2024 jerin buƙatun ya yi tsawo, ya kuma bambanta daga wannan ƙungiya zuwa waccan, babu wanda zai ce a tsaya kowa ya tsaya. Shugaban ƙasa ya yi jawabi ranar 4 ga wata, bai janye komai ba, a watan Satumba ma aka sake ƙara kuɗin mai.

5. Yaro ba ya zuwa

Wannan ba ta da sassauci. Wanda bai kai shekara 18 ba ya zauna a gida, ko da ya fi ubansa tsawo. Ranar 1 ga Nuwamban 2024 aka gurfanar da mutum 76 a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja kan zanga-zangar Agusta, da yawansu ƙananan yara daga Arewa, bayan kusan wata uku a tsare. Duniya ta ga hotonsu a rame, wasu suka yanke jiki suka faɗi a zauren kotu, aka kuma sa wa kowannensu belin naira miliyan 10. Sai da jama'a suka yi ca kafin shugaban ƙasa ya ba da umarnin sakinsu ranar 4 ga wata. Abin da aka yi wa yaran nan zalunci ne, ba shi da wani suna. Amma tambayar da ta rage a wuyanmu ita ce, ina iyayensu da malamansu suke a safiyar da suka bi ayari?

Alarammomin da ke da almajirai a Suleja da kewaye, nauyin nan ya hau kanku fiye da kowa, domin iyayen yaran suna can nesa sun ba ku amana. A ranar da ake tsoron gari zai rikice, a ƙirga yara da safe, a hana fita bara, maƙwabta su kai musu abinci tsangaya. Haka yaran talla, da masu koyon kanikanci da walda a garejin bakin hanya: maigidan aiki ya sallame su tun jajibiri.

6. Kada a tare babbar hanya

Na san dalilin da ke jan matasa zuwa can. Suna ganin idan ba a tsayar da motocin da ke shiga Abuja ba, babu wanda zai san ana yi. Gaskiya ne hanyar tana jawo 'yan jarida cikin minti kaɗan. Amma a tsaya a dubi waɗanda ke cikin motocin da aka tsayar. Manya ba sa nan; tun da aka soma garkuwa da mutane a hanyar Kaduna, mai hali jirgin ƙasa yake bi ko na sama. Wanda ya maƙale shi ne direban tirelar da ya ɗauko tumatir daga Kano, kayan na narkewa a rana; mai naƙudar da ake ƙoƙarin kaiwa asibitin koyarwa na Gwagwalada; lebura ɗan Madalla da idan bai isa wurin gini da ƙarfe takwas ba, ranar babu tukunya a gidansa. Mai tare hanya ɗan'uwansa a yunwa yake hukuntawa.

Akwai haɗari na biyu wanda ya fi wannan. Hanyar nan ita ce ƙofar babban birnin ƙasa ta arewa, kuma jami'an tsaro ba sa kallon toshe ta kamar yadda suke kallon jerin gwano a cikin gari. Da zarar an jibga duwatsu an kunna taya, an ba su hujjar da suke nema, a nan kuma ake samun gawa. Ga tankokin mai da ke jere a hanyar saboda defon Maje. Wanda ya ga abin da ya faru a mahaɗar Dikko ranar 18 ga Janairun 2025, inda tankar mai ta fashe ta hallaka mutane masu ɗimbin yawa, ba zai yarda a kunna ko ashana kusa da tanka ba.

A zaɓi fili, ko a yi tattaki a gefe ɗaya na titi zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma ko ƙofar fadar Mai Martaba Sarkin Zazzau Suleja, a miƙa takarda, a karanta ta da ƙarfi a gaban 'yan jarida, a yi addu'a, a watse kafin la'asar.

7. Dukiyar kowa haramun ce, ta gwamnati ma taku ce

A ranar farko ta zanga-zangar 2024 aka far wa sakatariyar ƙaramar hukumar Tafa da ke Sabon Wuse, aka cinna wa wani sashe wuta. A Kano aka wawashe sabuwar cibiyar fasahar zamani ta hukumar sadarwa ta NCC tun ba a kai ga buɗe ta ba, cibiyar da aka gina don koya wa matasa sana'a. Washegari babu mai maganar farashin masara, kowa maganar ɓarayi yake yi, gwamnoni suka sa dokar hana fita, kukan talaka ya bi ruwa. A Minna ma haka aka yi a Janairun 2012, ƙone-ƙone ya jawo dokar hana fita a jihar.

Uwargida, ke ce mai tsaron wannan ƙofa. Duk abin da yaro ya shigo da shi ranar hargitsi, buhun shinkafa ne, katan ɗin taliya ne, kujerar ofis ce, kada ya kwana a gidanki. Bayan laifin da ke tsakaninsa da Allah, jami'ai kan bi gida-gida bayan ƙura ta lafa, kuma wanda aka samu da kaya shi ne ɓarawo.

Suleja gari ne na kowa. Bahaushe da Bagwari da Bakoro da Banufe da Bafulatani da Bayarabe da Ibo, duk a Kasuwar IBB suke cin abinci, farashin da ya kama wannan shi ya kama wancan. Garin da ya ga bam a ofishin hukumar zaɓe a Afrilun 2011, ya ga na cocin Madalla ranar Kirsimetin shekarar, ya san tsadar zaman lafiya. Duk wanda ya soma karkata taro zuwa shagon ɗan wata ƙabila ko wurin ibadar wani addini, a fitar da shi daga sahu nan take. Dattawan kowace unguwa su zauna a bakin layi a ranar. Ganin furfura kaɗai yakan mayar da ɓata-gari.

Sai maganar tuta. Waɗanda suka ɗaga tutar Rasha a Kano da Kaduna suna kiran soja su karɓi mulki sun jawo wa kansu tuhumar cin amanar ƙasa, har telolin da suka ɗinka tutocin aka kama. Wanda ya fita yana amfani da 'yancin da tsarin mulki ya ba shi, ba ya kiran a rushe tsarin mulkin. Tela kuma ya san abin da ake kawo masa ɗinki.

8. Shirin mai fita

Ya karya kumallo sosai. Ya sa takalmin da zai iya gudu da shi, ba silifa ba. Ya ɗauki ruwa a gora, katin shaida, ɗan kuɗin mota, da lambar mutum biyu a rubuce a takarda cikin aljihu, don waya na iya faɗuwa ko a ƙwace ta. Kada ya ɗauki wuƙa ko sanda ko danƙo, ko da sunan kare kai. Abin da aka samu a jikinka shi za a karanta a kotu. Kada ya rufe fuska. Su tafi su biyu ko uku da suka san gidajen juna, su yanke inda za su haɗu idan an watse. Mai asma, mai hawan jini, mai juna biyu da mai goyo su zauna, akwai aikin da za su yi daga gida.

Idan aka harba barkonon tsohuwa, a bar wurin ta ɓangaren da iska ke tahowa, kada a murza ido, a wanke shi da ruwa mai tsabta da yawa, a canja tufafi da an isa gida. Idan aka ji harbi, a kwanta ko a fake bayan gini, kada a tsaya ɗaukar hoto. Wanda harsashi ya sama a garzaya da shi asibiti mafi kusa: wata doka ta 2017 ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi mai raunin harbi ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Lambar neman agajin gaggawa ita ce 112.

Alama ɗaya ta isa a juya gida: da an ga baƙin fuskoki da sanduna sun shigo, ko an soma jifa, taron lumana ya ƙare.

9. Tanadin gida

Ko ba mai fita daga gidanku, kasuwa za ta rufe. Gwargwadon hali a tanadi abincin kwana uku, ruwa, gawayi ko gas, da maganin masu ciwon suga da hawan jini. A riƙe ɗan tsabar kuɗi, domin masu POS kan rufe, layin waya kuma kan yi rauni a irin ranakun. Mai aiki a Abuja ya yi magana da wurin aikinsa tun da wuri, kada dokar hana fita ta rutsa da shi a Zuba. A tuna da maƙwabcin da sai ya fita yake ci, ɗan acaɓa, mai turin baro, bazawara mai tuyar ƙosai. Kwano ɗaya na tuwo a ranar ya fi dogon jawabi a kan talauci.

10. Waya na iya kashe mutum

Kafin a tura bidiyo a rukunin WhatsApp na dangi, a tambaya: yaushe aka ɗauka, a ina, wa ya ɗauka? A kowane rikici sai tsofaffin hotuna sun dawo, wasu ma daga wata ƙasa, an liƙa musu sunan garinku. Yanzu har muryar mutum da fuskarsa ana ƙirƙira da kwamfuta. Saƙon murya da ke cewa an kashe 'yan wata ƙabila a wata unguwa, ba suna ba shaida, kan iya tayar da gari cikin awa ɗaya. A bar shi ya mutu a wayarka. A jira a ji daga gidan rediyo ko jaridar da ke da suna da ofishi, irin BBC Hausa da Aminiya, ko a kira wanda ke zaune a unguwar. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka gyara a 2024, tana hukunta mai yaɗa ƙaryar da za ta tayar da hankalin jama'a, an kuma sha kama mutane da ita.

Amma wanda ya ɗauki hoton cin zarafi da idonsa, kada ya goge. Ya adana shi da kwanan wata da sunan wuri, ya kai wa lauya ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa. Da irin wannan shaida ake ƙwato wa mamaci haƙƙinsa.

11. Idan an kama wani naku

Shi wanda aka kama kada ya yi kokawa, kada ya gudu. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ba shi damar yin shiru har sai ya ga lauya ko wanda ya amince da shi, ya kuma wajabta a sanar da shi laifinsa a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji. Kada ya sa hannu a kan takardar da bai karanta ba ko ba a fassara masa ba. Idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, kamar yadda yake a Suleja, kwana ɗaya doka ta bayar a kai shi gabanta, in ba laifin da hukuncinsa kisa ne ake tuhumarsa da shi ba.

Ku kuma na gida, kada ku kwana kuna jira. Dattijo biyu su tafi ofishin 'yan sanda tun ranar, da mai unguwa idan zai yiwu, su tabbatar an rubuta sunansa a littafi, su san jami'in da ke riƙe da maganar, su kai abinci. Wannan gaggawa tana da dalili: waɗanda aka kwashe zuwa Abuja a 2024, wasu iyayen sun yi makonni ba su san inda 'ya'yansu suke ba. Belin 'yan sanda kyauta ne a doka. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama uba ko mata ko ƙane a madadin wanda ake nema, wata dokar ta 2017 kuma ta haramta azabtarwa. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi hukumar ba da agajin shari'a ta tarayya, ko reshen ƙungiyar lauyoyi ta NBA.

12. A ci gaba bayan an bar titi

Fita titi kwana ɗaya ne, manufa kuwa shekaru take yi tana aiki a tukunyar mutum. Akwai kuma lokutan da aka juya gwamnati ba tare da an zubar da jini ba. A Mayun 2024 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su riƙa cire rabin kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin da aka tura da sunan harajin tsaron intanet. Jama'a da 'yan ƙwadago da 'yan majalisa suka yi ca, cikin mako biyu aka dakatar. Wahalar canjin kuɗi ta 2023 a Kotun Ƙoli aka karya ta, ranar 3 ga Maris, bayan jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara sun shigar da ƙara. Ƙudurorin gyaran haraji da aka kai majalisa a Oktoban 2024 sun sha suka daga Arewa, aka yi zaman jin ra'ayin jama'a, aka sauya sassa da dama, harajin kayan masarufi ya tsaya a kashi 7.5 lokacin da aka sa hannu a Yunin 2025. A duk ukun, mutane sun san takamaiman abin da suke ƙi, kuma ba su gaji ba.

Gida ɗaya ba zai iya wannan ba, amma gida ashirin a layi ɗaya za su iya. A haɗa kai da ƙungiyar 'yan kasuwa, ta direbobi, ta iyayen yara da malamai, da matan adashi. A rubuta koke shafi ɗaya, da Hausa da Turanci, kowa ya sa hannu, a kai wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisar jiha da mai wakiltar Suleja da Tafa da Gurara a Majalisar Wakilai, a ajiye kwafi mai hatimi. Hukumomin tarayya kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba su kwana bakwai su amsa tambayar da aka yi musu a rubuce. Idan shiru ya yi yawa, a kira shirin rediyo a karanta takardar da ranar da aka kai ta. Ɗalibin gida da ya iya karatu ya riƙa fassara wa iyayensa kasafin kuɗin jiha idan ya fito, a ga ko asibitin unguwa na ciki.

Duk wanda ya kai shekara 18 a gidanku ya mallaki katin zaɓe ya adana shi. Wanda kuma bai san sunan kansilan mazaɓarsa da inda gidansa yake ba, ya tambayi mai unguwa a wannan makon.